Rigar da Aka Shanya a Rufin Bene

Da muka sauka Alƙahira a ƙarshen shekarun saba'in, tsoron ɓarawo muka fara koya kafin Larabcin titi. Tsofaffin ɗalibai suka zaunar da mu a masaukinmu na kusa da unguwar Abbasiyya, kowa da nasa labarin: an yanke wa wane aljihu a bas, an ɗauke wa wane takalmi a ƙofar masallaci. Babu wanda abin ya faru a kansa, kullum ji aka yi. Duk da haka washegari muka ɗunguma kasuwar Ataba sayen kwaɗo, har da wanda babu komai a akwatinsa sai kuka da yaji.

Abokin ɗakina Bakano ne, a rumfar mahaifinsa ya tashi cikin kasuwa. Kansa na ja ƙwarai, shi ya sa ya samu gurbin karatu kyauta, kuma shi ne na farko a gidansu da ya taɓa hawa jirgi. Ga barkwanci, ga kyauta, amma akwai saurin hannu.

Wata Alhamis bayan la'asar muna hawa bene, muka yi kiciɓis da wani Bamisire siriri yana saukowa da ƙunshin kaya a kafaɗa. Hannun babbar rigar abokina na reto daga ƙunshin, shuɗiyar nan da ya shanya a rufin bene da safe.

"Ɓarawo!" in ji abokina, da irin muryar da ake yi a kasuwa.

Kafin in buɗe baki ya kai masa naushi. 'Yan ƙasarmu suka firfito daga ɗakuna, wani da takalmi a hannu, wani da bel, babu mai tambayar ba'asi. Mutumin ya gangara ƙasan matakala, kayan suka watse. Na ji ƙarar da hannunsa ya yi, har yau ban manta ba.

Sai ga wani dattijon ɗalibi ɗan Damagaram, wanda ya daɗe a garin, ya ratsa mu yana salati.

"Kun kashe mu! Mai guga ne! Ni na ce ya kwashe kayan benenmu saboda Juma'a!"

Ashe haka suke yi. Mai guga da kansa yake hawa, ya kwashe daga igiya, ya dawo da su a ninke. Ɗaliban Indonesiya da na Turkiyya suna tsaitsaye a baranda suna kallonmu, babu mai motsi. Mai gadin ƙofa ya tallafo mutumin, ya ɗago ya dube mu.

"To ko da ɓarawon ne," in ji shi, "haka ake yi wa ɗan Adam?"

Wallahi wannan tambaya ta fi gigita ni. Ban taɓa jin an yi ta ba.

Hannun daman mai gugan ne ya karye, wanda yake cin abinci da shi. Muka je gidansa ban haƙuri, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya sa aka kawo mana shayi. Hukumar masauki ba ta ce ma'alish ba. Muka yi ta sintiri ofis ofis, ɗan Damagaram ya yi roƙo har da hawaye, aka ce khalas, magana ta ƙare, an soke gurbin abokina, ya koma ƙasarsu.

Ni na raka shi filin jirgi. A bas, da muka kusa, sai ya juyo, idanunsa jajur.

"Me zan ce wa Baba? A garinmu fa da yanzu albarka ake sa mini."

Na san ba ƙarya ya yi ba. Na ɗauki akwatinsa muka sauka.