Mai Lomar Jibna

Yanzu kowane gidan abinci a unguwar Bab Makka ta Jidda sai jibna, cukun nan da ake narkawa a dangwala da gurasa. Ga wani can, jallabiya fara fat, hirami a ka, yana ta "yalla, yalla" kamar a Jidda aka binne cibiyarsa. Ni dai ban yarda ba. Ɗan gari dangwalawa yake, shi kuwa mulmula gurasar yake kamar tuwo. Jibna ta ƙona shi, sai ga "Wash!" Ɗan sanda kuwa yana bakin ƙofa yana duba iƙama, takardar izinin zama.

Na raɗa masa, "Ɗan nan, in ba ka da takarda, daina loma."

Ya zaro ido ya ce da Larabci, wai bai gane ba, "Ma fihimt, Iya."