Kafur a Akwatin Jariri

Lokacin da na samu cikin fari muna haya a Na'ibawa, maigidana yana aiki a wani kamfani a Sharada inda ake yin kafur. Wanda ya farfashe a inji ma'aikata ke kwasowa gida, don haka akwatin da na tara kayan jariri cike yake da shi. Ina son ƙamshin.

Na haifi namiji. Kafin suna idanunsa suka yi ɗorawa, ya daina kama nono. Gwaggona da ta zo zaman jego ta ce ciwon shawara ne, a riƙa shanya shi a hantsi. Muka yi ta shanyawa, har ranar da ya sanƙare, ya bankare baya yana wani siririn kuka.

A asibiti aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, aka canza masa jini. Likitar ta shinshina zanen goyona, ta tambayi inda babansa yake aiki. Sannan ta zaunar da mu, ni da maigidana. Ta ce jajayen ƙwayoyin jini ba su da abinci sai sukari, kuma hanya biyu suke bi da shi. Babbar tana ba su ƙarfi, ƙaramar tana haɗa musu abin kare kai daga guba. Ɗanmu an haife shi ƙaramar ba ta aiki sosai, gado ne ta wajen uwa, kuma ya fi kama 'ya'ya maza. Da ya shaƙi kafur sai ƙwayoyin suka yi ta fashewa, dattinsu ya hau ƙwaƙwalwa.

Maigidana ya ce, "Likita, zai warke?"

Ta ce, "Zai rayu, Malam. Amma abin da ya taɓu ya taɓu."

Yaron bai taɓa jin muryata ba, wuyansa ma bai tsaya ba. Babansa ya nemi wani aikin a kamfanonin Challawa da Bompai bai samu ba, ya koma kamfanin kafur ɗin. Kullum in ya taso sai ya tuɓe kayan aiki a zaure, ya yi wanka a gidan maƙwabta kafin ya shigo ya ɗauki yaron. Haka muka yi har yaron ya rasu da damina, bai kai shekarun shiga makaranta ba.

Da na sake samun ciki aka ce mace ce, maigidana ya fita tsakar gida ya daɗe a tsaye.