Katakon Kawu Shahata

Kawuna Shahata matsoraci ne, kuma da bakinsa yake faɗa. Shekara goma sha ɗaya yana dakon kwal a tashar jiragen ruwa ta Bur Sa'id. Da kwando a kafaɗa yake hawa siririn katako guda zuwa cikin jirgi, teku na ƙarƙashinsa. Kullum a hankali yake takawa, na bayansa suna zaginsa.

Shekarar da 'yan dako suka ajiye kwanduna suka shiga yajin aiki, sun taru a gidan gahawa don rubuta wa kamfani buƙatunsu. Kowa maganar ƙarin lada yake yi. Kawu ya kasa zama. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa ƙofa ko 'yan sanda na tafe.

"Shahata, zauna mana, ka sa mu jiri," in ji Mitwalli, jagoransu. "Cinnaka ne a wandonka?"

"Katakon nan ne ya dame ni. A ƙara ɗaya, a ɗaure su biyu."

Aka kwashe da dariya. Mitwalli ya ce, "Muna neman abincin yara, kai kana neman shimfiɗa."

"Ƙanenka Jad da ya faɗa ruwa daga katakon nan bara, yunwa ce ta kashe shi?"

Dariyar ta tsaya. Mai rubuta takardar ya ɗaga alƙalami yana duban Mitwalli, domin duk sunan da ya hau takardar, kamfani zai riƙe shi.

Kawu ya share gumi. "Don Allah ku sa katakon a layin farko. In kunya kuke ji, ku rubuta cewa Shahata ne ya roƙa."