Ragowar Maganin Ƙanwata

Ba shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ba ce, wadda ta biyo ta ce, da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira, fari kuma ya koro mutanen arewa da ragowar shanunsu. A shekarar ƙanwata ta daina magana.

Lokacin ina da rumfa dab da shingen kwastan, ina sayar da tuwo da magani. Wajen uwarmu na gaji saiwa da sassaƙe, kuma ba yabon kai ba, daga Riko har ƙauyukan Maraɗi, in shawara ta kama mutum ni ake nema. Manyan motoci na wucewa da siminti da rediyo, kowa na cewa ƙasa ta yi arziki.

Ƙanwata na auren wani direba ɗan Maraɗi. Ta yi haihuwa ta biyu, ɗan bai kai suna ba. Aka yi gaisuwa aka watse, ita ba ta tashi ba. Wata huɗu tana jingine da rumbu, ba wanka ba kitso, in an ajiye mata tuwo kaji ke ci. Na ɗauko ta zuwa gidana. Na yi mata hayaƙi, na jiƙa sabara da marke, aka karɓo rubutu. Shiru.

Mijinta ne ya kai ta ɗakin shan magani ranar da likita ke zuwa daga Katsina. Na bi su don kada a ce na hana. Likita ya duba ta, malamin asibiti ya miƙo mini kwalbar ƙwayoyi.

Ya ce, "Gwaggo, ban ce ki bar jiƙonki ba, ki ba ta, har rubutun. Amma wannan ɗaya kullum, wata shida, ko da kin ga tana rawa."

Na ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Yana sa zawo?"

"A'a."

"Amai fa?"

"Ko kaɗan."

"To ta ina ciwon zai fita?"

Ya yi dariya ya ce, "Ta inda ya shiga, Gwaggo."

Na ba ta dai, ina tsaki. Ba abin da na gani sai barci da bushewar baki. Cikin mako na huɗu ina kwashe tuwo na ji murya a bayana: "Yaya, miyar nan ba gishiri." Daga nan ta nemi kitso. Mata suka yi ta shigowa suna cewa hannuna da albarka, ni kuwa ina amsawa.

A gidanmu, in mai ciwo ya miƙe, ba a barin ragowar magani a ɗaki, kiran ciwo ne. Rami ake haƙawa bayan gida a binne. Na tattara sassaƙen, na ɗauko kwalbar. Na sha faɗa wa kaina al'ada na bi, amma ban manta da wata shidan nan ba. So nake a ce nawa ne ya yi.

Ta ce, "Yaya, ba malamin ya ce..."

Na ce, "Shi ya goya ki ko ni?"

Na jefa su cikin ramin, na tura ƙasa.

Kafin a yanke gero ta koma jikin rumbu. Mijinta ya dawo daga tafiya ya tsuguna gabana.

"Yaya, ƙwayoyin nan ta shanye su?"

"Ta shanye."

Ya girgiza kai ya ce, "Ashe na asibitin ma bai iya ba."

Da na faɗi gaskiya, da ranar kasuwa mai zuwa ya mayar da ita wurin likita. Sai ya sa ta gaban mota ya tafi da ita wajen danginsa, a gwada na can. Ina cikin rumfa aka ɗaga masu shinge. Ba ta waiwayo ba, ni ma ban fito ba. Abinci ta ƙi har ƙarfinta ya ƙare, kafin ruwan farko aka aiko mana ta rasu.

Direban ya rasu da jimawa, malamin asibitin ma haka na ji. Cikin mutanen wancan lokaci saura ni da 'yar ƙanwata ta fari da ke aure a garin Kusa. Duk Sallah sai ta zo da jikokinta, ta nuna ni ta ce, "Ga wadda ta yi jinyar uwata."