Fenti a Kan Tsagaggen Bango

"Ai mun gyara, duba-gari," in ji mai gidan, yana nuna min bangon da ya sha sabon fenti.

Watana uku da fara aikin duba-gari a Kontagora. Mako biyu da suka wuce na ba shi takardar umarnin gyara, domin bangon ɗakin da wata 'yar haya take kwana da 'ya'yanta ya tsage, ga damina ta kankama.

Yau na danna wurin, sai yatsana ya nutse. Ashe takardar buhun siminti aka cusa, aka bi da fenti.

Na ce, "Alhaji, wannan ba gyara ba ne."

Ya yi dariya. "Yaro, bangon nan ya girme ka. Sai yau zai faɗi don ka zo da biro?"

Matar ta biyo ni zaure tana raɗa: "Don Allah ɗana, rubuta an gyara. In ka matsa, mu zai kora."

Na rubuta: ba a gyara ba.

Har yanzu zuciyata tafasa take. Jama'a, yaya za a ce uwa ta fi tsoron mai gida a kan bangon da zai danne 'ya'yanta?