Man Shanun Iya Dije da Fim ɗin Baba

A gidanmu na Maigatari, da an idar da magariba sai mu zagaye murhun kakarmu Iya Dije, tana tura kara a wuta tana jiran tuwo ya sulala. Ba ta fara tatsuniya sai ta ranƙwashi kan wani. Yawanci kaina ne, don ni ne sarkin iyayi.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wani mutum aka ba shi curin man shanu, ya ce wannan ya fi ƙarfin tuwon yau, sai Sallah. Ya sa a ƙwarya, ya cusa a rufin ɗaki, ya yi ta cin tuwonsa ba mai. Bazara ta zo ta wuce. Ranar Sallah ya tara baƙi, ya sauko da ƙwarya, ba komai sai maiƙo a gindinta.

"Zafi ma ya san ma'ajiya," in ji Iya. "Kai Sani, da kai nake."

Mu yi ta dariya, har da ni.

Iya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, alhali ɗanta, Babanmu, da sana'ar hoto ya ciyar da mu a bakin kasuwa. Bayan rasuwarsa na tarar da tsohuwar kyamararsa a akwatin ƙarfe, tare da fim na baƙi da fari da ya sayo a Damagaram, irin mai fito da kowace tsaga ta fuska. Wa'adinsa ya wuce tun ina firamare. Na ga rubutun da idona. Amma na karanta a waya cewa tsohon fim ya fi armashi, kuma ina son a ce na iya.

Da Sallar bara waccan, Iya ta ga kyamarar a wuyana. Ta daɗe tana kallonta.

"Tunda ta ɗana ce, ɗauka. Yau kaɗai."

Ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zauna a ƙofar ɗaki. Ƙanwata Hauwa ta ɗaga wayarta, na daka mata tsawa.

"Ajiye. Iya ta fi ƙarfin hoton waya."

Ta ajiye, don ni ne babba.

Mai wankin irin wannan fim sai a Legas. Can na aika shi, kafin hotunan su dawo mun binne Iya. Da na buɗe ambulan, kowane hoto toka-toka kamar hayaƙin ɗanyen kara. Ƙofar ɗaki ce kawai ake ganewa, da wani fari-fari a inda ta zauna. Mai wankin ya ce zafi ya dafa fim ɗin tun yana akwati, ƙarƙashin kwanon rufi.

Har yau ina jin haushin kaina, kuma ba na son kowa ya ce mini ƙaddara ce. Tun ina yaro aka kama sunana aka gaya mini.

Hauwa ba ta taɓa yi mini gori ba. In 'ya'yanta suka tambaye ta kamannin Iya, sai kawai ta ce, "Ku je wurin Kawu Sani, shi ya ɗauke ta."