Neman Ƙanen Mma a Cikin Gawarwaki

Ban iya karatun boko ba sai da na yi jika. Ajin manya na shiga, wanda ake yi bayan la'asar a wata firamare ta Buokrom, nan Kumasi, muna zaune kan kujerun yara, gwiwoyinmu na dukan tebur. Da na fara haɗa baƙi, sai na zama mai karanta wa matan gidanmu duk abin da ya shige musu duhu. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida, kowa da inda iyayensa suka fito. A kawo mini katin biki, a kawo mini takardar magani, in gyara tabarau kamar wata ma'aikaciya. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Mma ce ta fara kawo mini gawa.

Tsohuwa ce, ɗakinta na kallon nawa. Tun tana amarya aka kawo ta Kumasi daga wani ƙauye can arewa, bayan iyaka, inda yanzu 'yan bindiga ke shiga su fita yadda suka ga dama. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna gidajen aurensu, idonta ya yi yana. A can gida ƙane ɗaya ya rage mata, kuma wayarsa ta daina shiga. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce ya gan shi.

Addu'a ce ke cinta. A Zongo, unguwar baƙi irin tamu, in naka ya rasu, ko a ƙarshen duniya ne, sai ka zauna masa a nan: a kafa rumfa, a jera kujeru, malamai su yi karatu, a raba waina da goro. Mma ta je wurin malamin unguwa, ya ce ba a zaman makoki a kan zato.

Ta ce mini, "In na yi masa, ashe yana da rai, na binne shi da hannuna. In ban yi ba, ashe yana kwance a daji, babu wanda ya ce Allah ya jiƙansa. Ɗiyata, ke da Allah ya buɗe wa ido, duba mini."

Wayar da 'yarta ta saya mata ce ta miƙo. An sa ta cikin wani guruf na mutanen yankinsu, kullum ana turo bidiyo: an ƙone kasuwa, an tare mota, an jera mutane a bakin rijiya. Ni ban taɓa ganin ƙanen nan ba, ko hotonsa ba ta da shi. Ta ce dogo ne, yana da tsaga a kumatu, kuma kunnensa na hagu a gutsure yake, jaki ya cije shi yana yaro. Har dariya muka yi ranar a kan jakin.

Kowa na kallon irin wannan bidiyon. Mutum ya ce innalillahi, ya kau da kai, ya wuce. Ni ba ni da damar kau da kai. Sai in tsayar da hoton a kan kowace fuska, in sa yatsu biyu in buɗa, in buɗa, har kunne ya cika wayar. In kan ya kwanta ta gefe, in juya wayar. In ƙuda sun rufe wurin, in mayar da bidiyon baya in jira su tashi. Mma na zaune kusa da ni tana jan carbi, tana sauraron kukan da ke fitowa.

"Ba shi ba ne, Mma."

"Alhamdu lillahi." Sai ta ce, "To, ina yake?"

Washegari ta dawo da wani.

Tuwon zafi nake sayarwa a bakin titi a Krofrom, da miyar ayoyo da nama. Shekaru ina yanka nama ban taɓa tunanin komai ba. Sai na wayi gari in na sa wuƙa, gawarwakin nan nake gani. Mai saye ya tsaya a gabana yana cewa a ƙara masa miya, ni kuwa kunnensa nake kallo. A trotro, motar haya, ma haka, kunnuwan mutanen da ke gabana nake bi ɗaya bayan ɗaya. In na ta da salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Barci ya zama gutsi-gutsi. Wani direba da ya saba ci a wurina ya ce tuwon ya yi ruwa, na zage shi har uwarsa, mutumin da ya girme ni.

Kuma abin bai tsaya a wayar Mma ba. Na fara nema a tawa, wai ko zan ci karo da labarin ƙauyensu. Waya kuwa in ta ga abin da kake kallo, shi take ƙaro maka. Ta kawo mini yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini a ƙasar Larabawa, ta kawo waɗanda teku ya tofo, ta kawo ambaliya a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗa ba. Ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da masifar duniya. In ban kalla ba sai in ji kamar na ci amanarsu.

Ranar da na je wurin mahauta na ga kawunan awaki a jere a kan tebur, ƙuda na bin kunnuwansu, sai na zube a wurin. Na zauna a ƙasa cikin ruwan kwata, da zanena mai kyau. Matan kasuwa suka kai ni asibiti.

Nas ɗin Ba'asantiya ce, amma a Zongo ta tashi, Hausarta irin tamu. Ta auna jinina, ta sake aunawa.

"Maame, wa ya mutu miki?"

Na ce babu kowa.

"To me ya kai jininki nan?"

Na gaya mata. Ta ajiye biro ta ce magani za ta ba ni, amma magani ba zai goge abin da nake zuba wa idona kullum ba, in daina. Na ce to. A raina na ce, ke ba famfo ɗaya kuke sha da Mma ba.

Ban daina ba. Ta yaya za ka ce wa tsohuwa makauniya a'a?

Abin da ya tsayar da ni wani mutum ne mai shuɗiyar riga. Wata safiya ina wanke tukwane Mma ta fito da sauri, zanenta na jan ƙasa, ta ce wannan karon garinsu ne, an faɗi sunan. Na goge hannu na karɓa. A ƙasan bidiyon an rubuta sunan yankinsu, an ce jiya abin ya faru. Na fara aikina. Fuska ta farko, ta biyu. Sai ga mai shuɗiyar rigar kwance kusa da babur da ya ƙone, takalmi a ƙafa ɗaya. Na san shi. Na san haƙorinsa da ya karye, na san yadda hannunsa ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Watanni da suka wuce na duba kunnensa, a lokacin an rubuta cewa a wata ƙasa dabam aka kashe shi.

Wani ɗan banza ne ya zauna a inuwa, ya ɗauki gawar bawan Allah, ya sauya mata gari, ya turo. Ni kuma ina nan ina zubewa a kwata saboda shi.

Na ce, "Mma, wannan tsohon bidiyo ne. Ƙarya aka rubuta. Kuma daga yau na daina dubawa."

Ba ta gane ba. Ta ce to in duba na gaba.

"Ba na gaba, ba na baya. Na daina. Kaina zai taɓu."

Matan gida suka taru, ka san tsakar gida ba ta da sirri. Matar mai gida ta ce, "Kai, Yaya! Don kallo kawai? Ke aka kashe?" Wata ta ce karatun da aka yi da furfura dama haka yake, kai yake kumburawa. Na ce wadda ta ga abin da sauƙi ta zo ta karɓa, ga wayar nan. Na miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta sa hannu.

Mma ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini. Ta laluba ta karɓi wayarta, ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, ɗiyata." Ta shiga ɗaki.

Na fita daga duk guruf ɗin da ake turo jini. Labarin duniya sai na rediyo da safe, muryar mutum ba hoto, in an gama in kashe. In na tafi Krofrom, wayar tana cikin jaka a ƙarƙashin benci. Bayan kowace salla ina roƙa wa mutanen can da na ko'ina, masu rai da waɗanda suka riga mu, in an zo neman taimako a masallaci in ba da abin da na samu. Iyakar ƙarfina ke nan. Sai da aka daɗe kafin nama ya koma nama a idona. Na nemi direban nan na ba shi haƙuri, ya ce dama ya san ba ni ba ce.

Ina gaishe da Mma kowace safiya, ina kai mata tuwo. Tana amsawa, tana ci, amma ba ta ƙara zama a ƙofata ba.

Kwanaki ina dawowa da la'asar na hango ta a shagon wata tela da ke bakin lungunmu, yarinya mai cikin fari. Keken ɗinki a tsaye, yarinyar ta sunkuya a kan waya, Mma na gefenta da carbi. Na jira tsohuwar ta tafi, na shiga. Na ce mata, da cikin nan a jikinki, kada ki sake, na san inda hanyar nan take kaiwa. Idonta ya yi ja, hannunta na kan cikinta.

Ta ce, "To Anti, in ni ma na ƙi, wa zai duba mata?"

Na ce, "Babu kowa. Ki ƙi."

Ta ƙi. Har yau ba a kafa rumfa ba, kuma wayar ƙanen Mma ba ta shiga.